Yadda za ka gane baƙin tsuntsaye, da inda za ka je ka gansu

Kowa dai ya san shamuwa, ko yaron ƙauye da bai iya ƙirga goma ba ya san in ta sauka kan kukar bakin kasuwa ko tsamiyar ƙofar gidan mai gari toh a fara gyaran gona, ruwa ya kusa. Amma ka taɓa tambayar kanka ina take zuwa in kaka ta yi? Ni dai da muna yara wani kawuna cewa ya yi Makka suke tafiya, na kuma yarda har na girma, sai daga baya na gane ashe ba gabas take yi ba, kudu take nausawa, ta tsallake tsakiyar Afirka ta faɗa can su Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, saboda lokacin da damina ke ƙarewa a nan wajen Oktoba, lokacin ne tasu ke farawa. Wato ita shamuwa damina biyu take ci a shekara, kuma ba don son ruwan ba ne, fara da tsutsa da ƙwarin da ruwa ke fito da su take bi. A wajenmu take yin sheƙa ta ƙyanƙyashe, can kuwa ci rani kawai take zuwa.

Toh in ka riƙe wannan na shamuwa ka gama rabin karatun, don duk ƙaurar tsuntsu zancen ciki ne. Abun da zan nuna maka shi ne yadda za ka fita da kanka ka ga abun da idonka, ba sai ka jira shirin talabijin ba, don wallahi wasu tsuntsayen da Turawa ke kashe kuɗi suna nema a fadamar bayan garinku suke kwana.

Farko ka raba baƙin gida biyu a kanka. Akwai baƙin damina, su 'yan Afirka ne, ruwan sama suke bi arewa da kudu, ga shamuwa, ga balbela da ke ƙaruwa in ciyawa ta fito shanu sun dawo, ga shirwa ita ma tana gusawa arewa da damina ta koma kudu da rani. Har janbaki da ke hana manoman shinkafa da gero barci a Jigawa da Yobe yana cikin wannan layi, shi ƙwayar ciyawa yake ci, da ruwan farko ya sauka ƙwayar da ke ƙasa ta tsiro sai abinci ya yanke masa, dole ya matsa inda damina ta riga ta yi nisa ciyawa ta fara 'ya'ya, daga baya ya dawo ya yi sheƙa, shi ya sa za ka ga sun ɓace ɓat sannan rana ɗaya su dawo kamar hadari.

Sai gida na biyu, baƙin hunturu. Waɗannan su ne 'yan nesa, daga Turai da Rasha har Saiberiya. Suna fara isowa wajen Satumba da Oktoba, su cika fadamu daga Disamba zuwa Fabrairu, Maris da Afrilu su tattara su koma. Ka lura da kyau, lokacin da shamuwa ke haɗa kaya lokacin su ke sauka, lokacin da suke tafiya ita ke dawowa, kamar masu canjin aiki a kamfani.

Mutane na cewa sanyi suke gudu. Eh toh, da gaskiya a ciki amma ba shi ne ainihi ba, tsuntsu na da gashin da ke riƙe ɗumi, akwai ƙanana da yawa da ke zaune a Turai duk hunturu ba sa motsawa saboda ƙwaya suke ci. Matsalar mai cin ƙwari ce da mai kiwo a ruwa, in hunturu ya shiga can ƙwari sun mutu ko sun ɓuya, tafki ya daskare ya zama ƙanƙara, agwagwa ina za ta sa baki? Mu kuma a daidai wannan lokacin ambaliyar kogin Hadeja da na Jama'are ta fara ja da baya ta bar taɓo da ƙananan kifi da tsutsa da shinkafar da ta zube wajen girbi, tebur a shimfiɗe kenan. Tambayar da ta fi ɗaure min kai da farko ita ce, toh tunda sun samu daɗi me zai mayar da su? Amsar, can arewa in bazararsu ta zo rana na daɗewa ba ta faɗi ba, awa 16, 18, wani wurin ma kusan ba dare, ƙwari su fashe lokaci guda, ga fili ba cunkoso, uwa na da dogon wuni na ɗauko wa 'ya'ya abinci. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin sheƙar waɗannan baƙin a nan ba, in ka ga tsuntsu na kai kara yana gini a Janairu toh ɗan gida ne.

Yanzu ina za ka je. In kana Kano, Jigawa, Yobe ko Bauchi ba ka da uzuri, dausayin Hadeja da Nguru na nan, inda kogunan nan biyu ke bazuwa kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Akwai Dagona a ƙasar Bade, wajen Gashuwa, wanda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, har marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya je can kallon tsuntsaye a 1989. Akwai Baturiya a Jigawa. In kana Nijar ga tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, ga Tabalak a jihar Tawa, ga Gidimuni wajen Damagaram, ga bakin kogin Kwara a Gaya. Amma gaskiya kar ka ce sai ka yi doguwar tafiya, fara da abun da ke kusa, bakin dam ɗin Tiga ko Bagauda, Goronyo, Zobe, ko kududdufin da bai ƙafe ba, ko gonar shinkafar rani, duk inda ruwa ya haɗu da taɓo za ka samu wani abu.

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka tambayi lafiyar hanya wajen mutanen wurin, kowa ya san halin da ake ciki. In ka isa kuma kar ka wuce kai tsaye bakin ruwa, ka fara zuwa wajen mai unguwa ko bulama ka gaishe shi ka faɗi abun da ya kawo ka, in wurin gwamnati ne kamar Dagona ka nemi ma'aikatan su haɗa ka da ɗan rakiya. Ba wasa nake ba, ni ya taɓa faruwa da ni a wani ƙauye, na ajiye mashin na fito da madubin hangen nesa ina ta leƙen tsallaken ruwa ina rubutu a littafi, ban ankara ba sai ga matasa huɗu da gora a bayana, ɗaya ya ce malam me kake ƙirgawa, na ce agwagi, ai kuwa sai abun ya ƙara lalacewa don wa zai yarda babban mutum da gemunsa ya zo daga birni ƙirga agwagwa. Sai da aka kai ni gaban dagaci, na ce ranka ya daɗe ga madubin ka duba da kanka, ya kafa a ido ya juya shi baibai ya gyara, can sai ya ce kai, ga ta nan kamar in kama ta! Ƙarshe dai fura aka dama min, kuma ɗaya daga cikin masu gorar nan shi ya tuƙa ni a kwalekwale washegari. Laifina ne, da na yi sallama tun farko da duk ba a yi haka ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa in da hali, ka nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 10x42 a jikinsa, na gwanjo ma ya isa in gilashin bai yi hazo ba, ka guji irin manyan nan da ake cika baki wai suna ganin kilomita goma, hannunka zai yi ta rawa ba abun da za ka gani. Littafi da biro. Kaya marasa haske, ruwan ƙasa ko toka-toka, farar shadda ka bar ta sai Juma'a. Takalmin roba da zai riƙe ƙafa, silifas taɓo zai cinye maka. Ruwan sha, hula, rigar sanyi don asubar Janairu a bakin ruwa ba ta da mutunci. A waya ka sauke manhajar gane tsuntsaye ta Merlin Bird ID, kyauta ce, ka sauke kunshin tsuntsayen yankinmu tun kana gida don can ba lallai ka samu sabis ba. Kuma ka sa wayar a leda in za ka shiga jirgi.

Lokaci kuma, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara ko goma, sai kuma bayan la'asar. Ka tsaya rana na bayanka, in ka fuskance ta duk tsuntsu baƙi zai zame maka. Ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura kawai. In ka hango garke kar ka nufe shi gadan-gadan, ka bi ta gefe a hankali, ka samu gindin bishiya ko tudu ka zauna shiru, minti goma sha biyar za su manta da kai su dawo kiwo har kusa. In ka ga duk sun ɗaga kai lokaci ɗaya sun daina ci toh ka matso da yawa, ja baya, kowane tashi da ka sa suka yi kitsen guzurinsu ne ka ƙona.

Toh ya za ka bambance baƙo da ɗan gida? Fara da sanin 'yan gida tukuna, kuma nan masunta sun fi kowace manhaja. Kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi tana fito, ɗinya babba, zalɓe, jinjimi, balbela, zakaran ƙeƙuwa mai ihu, waɗannan ka san su sosai, sai abun da ya rage ka sa masa ido. Cikin agwagi ka nemi wata 'yar ƙarama, ba ta kai kirinjijiya tsayi ba, mai zama can tsakiyar ruwa dubbai, wajen Fabrairu namijin yana da farin layi kamar an ja masa alli daga saman ido zuwa ƙeya, ita ce Turawa ke kira gagani, daga gabashin Turai da Rasha take. Akwai wata kuma doguwar wuya mai tsinin wutsiya kamar allura, farin ƙirjinta ya haura gefen wuya. A gonar shinkafa da bakin taɓo za ka ga wasu masu dogayen ƙafafu, launin toka da ƙasa-ƙasa, suna tashi garke guda suna juyawa tare kamar an ɗaure su da zare, su ma baƙi ne, kuma abun dariya namijinsu da ka gani nan fututu ba kwalliya, in ya koma gida a watan Mayu wani gashi yake fitarwa a wuya kamar ya naɗa rawani yana rawa gaban mata. A saman kacala kuma, doguwar ciyawar ruwan nan, za ka ga wani kamar shirwa yana shawagi ƙasa-ƙasa a hankali, fikafikai a ɗage kamar bakin kwarya, wutsiyarsa ba ta rabu biyu irin ta shirwa ba, shi ma ɗan ci rani ne.

Wanda na fi so ni dai ɗan ƙaramin nan ne mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa ba ya gajiya. Ka zauna kusa da garken Fulani da hantsi ka kalle shi, saniya na taka ciyawa ƙwaro na tashi yana cafkewa, yana shiga har ƙarƙashin cikinta ba tsoro. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, wato bai kai ƙullin sikarin shayi ba, amma wannan abun ya ƙetare tekun Bahar Rum ya ƙetare Sahara da fikafikansa. Haka tsattsewa, akwai namu na gida masu gini a zaure da ƙarƙashin gada, akwai kuma ta Turai mai jan maƙogwaro da dogayen jela biyu, wadda yawancinsu wucewa suke ta kanmu zuwa kudu, a Boje ta jihar Kuros Riba akwai wani tudu mai dogayen ciyayi da suke kwana a ciki, in magariba ta yi sai sama ta yi duhu da su.

In kana son ganin abun mamaki na gaske ka koma a Maris. Lokacin za ka ga ƙananan nan ba abun da suke sai ci, ci kamar an aiko su, saboda gabansu akwai hamada ta kusan kilomita 2,000 ba ruwa ba abinci, kitse shi ne fetur ɗinsu, wani sai ya kusa ninka nauyinsa kafin ya tashi. Masu bincike da suka yi aiki a Malam Fatori bakin tafkin Chadi tun shekarun 1960 sun ga yadda wasunsu ke dirar wa 'ya'yan bishiyar nan da ake asuwaki da saiwarta suna tara kitse da su. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya, iska ta yi sanyi, ba ƙishi sosai, ba shaho. Manya masu faɗin fiffike irin farar shamuwar Turai mai jan baki da jan ƙafa su kuma sai rana ta yi zafi, suna hawa iskar zafin da ke tasowa daga ƙasa su yi ta kewaya har su yi sama sannan su sulale, kuma da yake irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, ba sa yarda su ratsa tsakiyar Bahar Rum, sai su zagaya ta mashigar Jibraltar inda ruwan bai wuce kilomita 14 ba, ko su bi ta Turkiyya su gangaro ta Masar.

Hanya kuma wa ke nuna musu? Suna duba rana, suna duba taurari, suna jin maganaɗisun ƙasa a jikinsu, manya kuma suna tuna koguna da duwatsu da gaɓar teku. A shekarun 1950 wani masani a Holan ya kama tsuntsaye sama da 11,000 suna cikin tafiya, aka ɗauke su a jirgi aka sake su a Suwizalan, manyan da suka taɓa zuwa suka gane an karkatar da su suka gyara hanya, 'yan shekarar farko kuwa suka miƙe sambal ta fuskar da aka halicce su da ita suka ɓulle Faransa da Sifen. Lokacin tashi ma ba sai sun ga abinci ya ƙare ba, canjin tsawon rana da agogon da ke jikinsu ke tada su, ko a keji ka sa irin wannan tsuntsu in lokacin ya yi za ka ga ya hana kansa barci yana ta tsalle.

Duk fitar da ka yi ka rubuta, kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa, me ka gani, guda nawa. Wanda ba ka san sunansa ba ka rubuta kamanninsa, girmansa kamar kurciya ko kamar kaza, baki dogo ko gajere, launin ƙafa, me yake ci. Ƙirga garke kuma dabara ce, ka ƙirga goma ka ga girman wurin da suka cika, sai ka riƙa aunawa goma-goma, in sun yi yawa ɗari-ɗari, kuma kusan kullum za ka yi ƙasa da adadin ne ba sama ba. Kar ka raina wannan littafin. Ranar da shamuwa ta fara sauka garinku, in ka rubuta ta shekara biyar a jere kana da abun da ba kowa ke da shi ba. In kana son ƙirgenka ya shiga hannun masana, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos da ke tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, 'yan sa-kai ne ke tura musu bayanai ta waya, akwai kuma eBird, manhajar da ake shigar da tsuntsayen da aka gani, sannan duk Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa har da nan.

Kuma abun da ke faruwa a nan can ma suna ji a jikinsu. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, da bazarar 1969 ta zo Ingila sai suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, a lokacin ne suka farga ashe ruwan samanmu ke riƙe musu da tsuntsaye. Haka dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun canza yadda ambaliya ke sauka Hadeja da Nguru, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomi da makiyayi da tsuntsu duk abu ɗaya ya dame su. Ka tambayi tsofaffin masunta yadda agwagi suke a da, ka rubuta abun da suka ce shi ma.

Saura zancen zobe. Wata rana za ka iya cin karo da tsuntsu, ko a hannun maharbi ko a kasuwa, da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa mai lamba da sunan wani gari, wani ma da 'yar na'ura a baya mai eriya. Ba tsafi ba ne ba kuma leƙen asiri ba, tun 1899 wani malamin makaranta a Denmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe don a san inda suke zuwa. Kafin nan ma Turawa ba su sani ba, wasu har cewa suke tsattsewa cikin taɓon tafki take kwana duk hunturu, sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi duk tafiyar nan da shi, har yau gawarta na ajiye a jami'ar Rostock. A Masar a 2013 kuwa har ofishin 'yan sanda aka kai wata shamuwa saboda na'urar bayanta. Wadda ta fi ba ni dariya ta 2018 ce, wata ƙungiya a Folan ta sa wa shamuwa na'ura mai layin waya a ciki, tsuntsuwa ta zo Sudan aka daina jin ɗuriyarta, ashe wani bawan Allah ya cire layin ya sa a wayarsa ya yi ta kira har wajen awa 20, bil ya tafi Folan.

In ka samu irin wannan, ka ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lamba da rubutun za su fito, ka rubuta ranar da sunan garin da ya fi kusa, da yadda aka same shi, a raye ko a mace, tarko ne ko harbi, sai ka shiga shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, ka cike, ko ka tura wa mutanen Jos ɗin nan. Sau da yawa za su dawo maka da amsa, ga inda aka sa masa zoben ga shekarar. In yana raye kar ka cire zoben, ka karanta ka sake shi. In kuma matacce ka tsinta, musamman in ka ga da yawa sun mutu wuri guda, kar ka taɓa da hannu kar kuma ka kai gida kusa da kaji, murar tsuntsaye ta taɓa shigo mana a 2006 masu gidan gona ba su manta ba, ka sa leda a hannu in dole sai ka juya ƙafar don hoto, ka wanke hannu da sabulu, ka sanar da malamin dabbobi mafi kusa.